Ranar da Gonar Bomai Ta Cika da Iri

Ku da kuka cika min waya da zagi wancan makon, kuna cewa "Dorin, girman kai ne ke damun ki, namiji mai mota yana bin ki kina masa yanga," to ku matso. Da hannu ɗaya nake latsa wayar nan, ɗayan yana danne da tsumma a kan leɓena da ya fashe gida biyu. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Dorin, shekarata ashirin da huɗu. Mu uku muka rage a gidanmu a kan tsaunin nan na Simbu: ni, Mama, da yayana Siune. Mai motar kuwa Waine ne, ƙanen Bomai. Shi Bomai, duk kwarin nan babu mai kiran sunansa da ƙarfi.

Dole in fara da Jan Gashi, don ita ce tushen komai.

Kowa a nan yana da wiwi a bayan gonar kofinsa ko tsakanin kunyoyin dankali, wannan ba labari ba ne. Sai dai tamu ta gado doguwa ce kamar gora, ganye sirara, ga nawar nuna, sai ka gaji da jira. Babana Apa ya samo wasu ƙwayoyi a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Lae, na wata gajeruwa mai kauri da saurin nuna, amma ruwan samanmu ruɓar da ita yake yi. Shekara shida yana haɗa su, yana zaɓa yana zubarwa, har ya samu wadda ransa ke so, ita ce Jan Gashi. Tsayinta iya ƙirji, kanta cunkus da jan gashi irin na masara, ga danƙo da in ya kama yatsa sai an sa kitsen alade. Ƙamshinta kamar an ɓare lemun tsami a ɗakin da ake shanya kofi. Masu sha sun ce da farko harshe take saki, mutum ya yi ta dariya da surutu babu kai babu gindi, can sai ta sauko gwiwa ta zaunar da shi, ya cinye tukunyar dankali shi kaɗai. Ni ban taɓa kai ta baki ba. Na dai ga yadda ta mayar da Yaya Siune: ido jawur, mantuwa, sai ya yi ta neman addarsa alhali tana hannunsa. Shi ya sa ni Baba ya koya wa aikin, ya ce idona ya fi na ɗansa.

Shekara biyu ke nan da aka yi faɗa da mutanen ƙetaren kogi. Suka harbe Baba a bakin gada, suka cinna wa gidanmu wuta, gorar da yake adana tsantsar irinsa ta ƙone ƙurmus. Abin da ya tsira shi ne matan wiwin da ya taɓa bai wa su Bomai. Reshe suke yanka suna dasawa, shekara bayan shekara, tana ta ƙanƙancewa. Namijin Jan Gashi kuwa babu shi a duniya.

Ku da ba ku san harkar ba, mace ake nema. Muddin garin furen namiji ya taɓa ta, sai ta bar yin danƙo ta koma yin 'ya'ya, kan ya cika da ƙwaya, masu saye daga Lae su murza su tofar su wuce. Saboda haka Bomai ya yanka alade, duk mazan da ke da rabo a babbar gonarsa suka tsoma hannu a jinin suka rantse a kan doka biyu. Ta farko, kowa yana da gangaren da zai riƙa bi yana tumɓuke duk namijin da ya tsiro. Ta biyu, lokacin fure ba mai wuce ƙofar gona sai ya yi wanka a rafi ya sauya kaya, kuma ba mai shigar da wani ba tare da haka ba. Wanda ya karya, yatsun hannunsa na dama ne a kan kututture. Ba barazana ba ce. Ku je kasuwa ku ga yadda Gigmai ke riƙe kofin shayi.

Gangaren da ya faɗo wa Yaya Siune shi ne na sama, inda kabarin Baba yake.

A can na ga wani tsiro, wata uku da suka wuce, na je cire ciyawa. Ya tsiro daidai inda Mama ta zuba tokar gidanmu. Kara ja mai duhu, ganye mai faɗi. Na murza karan na kai hanci, sai na ji ƙamshin Jan Gashi, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar da aka binne Baba. Ƙwaya ɗaya wuta ta tsallake. Da ya fara fitar da 'yan tulunansa na ga namiji ne, na sa hannu zan tumɓuke, wallahi na kasa. Na kewaye shi da ciyawar rafi, na rufa masa buhun shinkafa. Niyyata ƙarama ce: in ɗibi garin a takarda in shafa wa wata mace ɗaya da na ɓoye bayan ɗakin aladu, in samu iri cikin tafi ɗaya, sannan in sare shi. Yaya Siune ya wuce wurin ya fi sau goma bai gani ba.

Sai wata Asabar ta zo. Tun da safe Mama ta tasa ni gaba.

"Tashi ki wanke wannan fuskar taki mai kama da ta mai zaman makoki. Yau Waine zai zo, kuma rigar da ya saya miki za ki sa."

"Mama, na ce miki ban gama tunani ba."

"Tunanin me? Ke likita ce? Alade goma sha biyu mutumin nan ya ambata na sadaki, Dorin. Dubi rufinmu, leda ce. 'Yar Wemin da ba ta kai ki komai ba tana can Kundiawa tana dafa shinkafa a kan gas."

Yaya Siune yana bakin murhu yana hura wuta, ya ce, "Ki bar ta, Mama, ɗan firayim minista take jira."

"Kai kuma rufe min baki, da ka iya wani abu ban da busa hayaƙi da ba mu kai haka ba."

Rigar shuɗiya ce mai duhu, doguwa har gwiwa, da farin leshi a wuya da bakin hannu. Mama ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe min gashi ya tashi buzu-buzu, ta shafe shi da man kwakwa har yana ɗiga a keyata. Ta ɗaura min sabon zane, ta rataya min jakar saƙarta ja da baƙi wadda ba ta fitowa sai ranar coci. Wayata ta yi ƙara.

"Dorin tawa, da azahar ina tafe. Ki sa shuɗiyar."

Na rubuta, "In na ga dama."

"Za ki ga dama. Na san ki."

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba a shafin nan: ina son sa. Ina son giɓin haƙorinsa, ina son yadda yake rage murya in yana min magana. Abin da ya hana ni amsawa tsoro ne. Na taɓa ganin sa tsaye yana kallon ƙasa ranar da aka yi wa Gigmai, bai ce uffan ba. Na kan tambayi kaina, in ni ce a ƙasa, shi ma ƙasar zai kalla?

Rana ta fito da zafi, irin ranar da fure ke buɗewa, ga gajimare yana haɗuwa ta yamma. Na san in ruwa ya sauka garin furen ya tafi. Na ce wa Mama zan zaga, na haura kabari da gudu. Ina ɗaga buhun sai garin ya tashi buɗus, ruwan ɗorawa, ya rufe min fuska. Na yi atishawa sau uku. Na karkaɗa a takarda, na mayar da buhun, na sauko na shafa wa macen tawa. Ina fitowa daga bayan ɗakin aladu, sai ga mota a bakin hanya. Ya zo da wuri.

"Shigo, akwai abin da zan nuna miki."

Mama tana ƙofa tana min alama da ido kamar za ta cinye ni. Na shiga. Na kakkaɓe rigar a ɓoye, amma ina! Garin ya shige cikin leshi, ya manne a man kwakwar gashina.

Bai tsaya ba sai a ƙofar babbar gona. Karnuka suka taso, ya daka musu tsawa suka kwanta. Babu kowa, duk sun tafi kallon ƙwallo.

Na ce, "Waine, doka. Bari in sauka rafi."

Ya yi dariya. "A wannan rigar? In ɓata kwalliyar da na biya? Daga ɗakin Mama kika fito, me za ki ɗauko, ƙamshin dankali?"

"Don Allah, mu tsaya daga nan. Ina gani."

"Aikin babanki ne, Dorin. Ina so ki shiga cikinsa ki ga yadda na riƙe shi."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma in na faɗa, namijin ya mutu a ranar, Yaya Siune kuma ya shiga uku. Na ce a raina ai na kakkaɓe, ɗan abin da ya rage ba zai yi komai ba. Ni da Baba ya koya wa aiki, ni na yi wa kaina wannan ƙaryar.

Ya ja hannuna muka bi layin tsakiya. Matan sun yi cunkus, gashinsu fari tas bai fara ja ba, daidai lokacin da suke kama duk abin da ya taɓa su. Layin ƙunci ne, suna shafar kafaɗata hagu da dama. A ƙarshen layi, bakin bukkar masu gadi, ya juyo da ni ya cusa yatsunsa cikin gashina ya yamutsa yana dariya. Na ga ya dubi tafin hannunsa. Ya goge a wando, ya ci gaba da zancen aladu.

Na koma gida na cusa rigar a ƙasan akwati, ban wanke ba, ban ma iya kallon ta ba. Sati uku ban ci abincin kirki ba. Mama ta ce so ne.

Yau da safe, ina wanke tukwane, saƙon Waine ya shigo.

"Gona ta yi iri. Bomai yana tafe gidanku. Kar ki ce komai."

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo. "Na ga abin da ke gashinki ranar nan. Na sani. Ki yi shiru, in kin yi magana mun mutu mu biyu."

Na rubuta da yatsa mai kumfa, "Yaya Siune fa?"

"Zan kula da shi bayan haka. Zan kai shi asibiti da kaina."

Bayan haka! Kun ji? Jama'a, kun ji mutumin da kuke zagi na a kansa?

Ban kai ga ajiye wayar ba na ji ihun aladu. Bomai ne da mutanensa, su bakwai, da adduna da bindiga ɗaya ƙirar gida. Yaya Siune yana tsugune yana shan shayi, Bomai ya sa ƙafa ya haure kofin tare da bakinsa. Jini ya wanke masa haɓa. Biyu suka danne shi, ɗaya ya riƙa zuba masa bayan adda a gadon baya, tim, tim, kamar ana bugun buhu. Mama ta fito da ihu ta rungume ƙafar Bomai.

"Ɗana, me ya yi? Ku faɗa min me ya yi!"

Ya hankaɗe ta, kanta ya bugi dutsen murhu. Ya ciro wani kan wiwi daga aljihu ya murza a gaban idon Yaya Siune, ƙwayoyi suka zubo a ƙasa kamar gero.

"Ka gani, ɗan iska? Aikin wata huɗu. Gumin mutum goma sha tara. Iska daga ina take sauko mana? Daga gangarenka. Ka zauna kana busa hayaƙi namiji ya yi fure a kanmu."

"Na bi, Yaya Bomai, na rantse na bi! Babu ko ɗaya!"

"Za ka tuna a kan kututture."

Suka ɗaure shi da igiyar alade suka ja shi a ƙasa zuwa filin kasuwa. Waine yana bayansu. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya girgiza kai a hankali, ya mayar da idonsa ƙasa.

Na ɗaga Mama na jingine ta da bango, goshinta na zubar da jini. Ta riƙe wuyan hannuna tana cewa, "Je ki roƙi Waine, zai ji maganarki, je ki ce kin amince." Na zame hannuna. Na buɗe akwati na ciro rigar na cusa a jaka, na haura kabari. Ban tsaya neman adda ba. Da hannu biyu na kama shi na ja, saiwar ta ƙi, na sa ƙafa a kan dutsen kabarin na fizga har na faɗi da baya. Na ce, "Baba, ka yafe min," na saɓa shi a kafaɗa na gangara da gudu, ƙafata babu takalmi.

Filin ya cika. Mata da jakunkunansu a ka, tsofaffi suna tauna buai, goronmu na nan, suna tofar da jan yawu. Fasto ma yana can gefe yana murza hularsa. An durƙusar da Yaya Siune, mutum ɗaya ya take masa gwiwar hannu, an shimfiɗa yatsunsa a kan kututturen da ake sara nama. Yana kuka yana kiran Mama kamar yaro. Bomai yana wasa adda a dutse, ba ya ko sauri.

Na ratsa mutane na jefa namijin a gabansa.

"Ga shi nan. Ni na shuka, ni na ɓoye. Yayana bai sani ba."

Wurin ya ɗauki "Kai!" Bomai ya duƙa ya murza karan ya shinshina, na ga fuskarsa ta sauya, don ya gane jinin waye. Ya miƙe a hankali. Ban ga tahowar hannun ba, sai dai na ji ni a ƙasa, bakina cike da gishiri, kunnena yana ƙugi. Ya kama gashina ya ɗaga ni ya ƙara min wani.

"'Yar Apa. Ke da kika fi kowa sani."

Na rarrafa na ture hannun Yaya Siune na ɗora nawa a kan kututturen. "To sare. Nawa ne laifin."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ke kin tsoma hannu a jini? Mace ba ta rantse ba. Shi ya rantse zai share gangaren, namiji ya girma wata uku a ƙarƙashin hancinsa, iska ta kawo mana. Kin ma ƙara tabbatar min. Ku janye ta."

Suka ja ni ta ƙafa. Suka mayar da hannun yayana. Wayyo Allah, ashe gudun da na yi da tumɓuke irin Baba duk a banza! Na juya ina neman Waine. Yana tsaye jikin motarsa, hannu a aljihu, yana kallon ƙasa, daidai yadda ya tsaya ranar Gigmai. Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina, ga amsarta a gabana.

Bomai ya ɗaga adda.

"Ba iska ba ce!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Addar ta tsaya a sama.

"Yaya Bomai, kai manomi ne. In iska ce ta kawo daga gangare, ina iri zai fi yawa?"

Wani daga baya ya ce, "Layin sama."

"To layin sama ya yi iri?"

Sai Gigmai, mai guntun hannu, ya tofar da buai ya ce, "Layin sama tas yake. Ni na duba. Tsakiya ne ya lalace, tun daga ƙofa har bukka. Bakin bukka ma ya fi ko'ina."

"Namijin a rufe yake da buhu," na ce. Na zaro rigar daga jaka na warware ta a gabansu. Har yanzu leshin wuyan yana nan ruwan ɗorawa. "A jikina ya shiga. A rigar nan da gashina. Ta ƙofa."

Bomai ya karɓi rigar ya shafa leshin da babban yatsa. Duk garin nan an san wanda ya sayi rigar, don a kasuwar nan ya ɗaga ta yana nuna wa abokansa.

"Karnukana ba sa barin baƙo," ya ce a hankali. "Wa ya buɗe miki?"

Ku da za ku zage ni, ku zaga. Na dubi yatsun Yaya Siune a kan itacen nan, yatsun da suka tono gawar Baba daga ƙarƙashin gada. Na dubi mutumin da nake so.

"Waine. Na ce masa in sauka rafi, ya ce kar in ɓata kwalliya."

Wata mata ta ɗora hannu a ka. Bomai bai juya ba tukuna. Ya tsaya yana kallon rigar, jijiyar wuyansa tana harbawa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ya goyi Waine bayan rasuwar uwarsu. Mutum goma sha takwas da suka tsoma hannu a jini suna kallon sa, Gigmai kuma ya ɗaga guntun hannunsa sama, ya bar shi a sama kawai.

"Gaskiya ne?" in ji Bomai.

Na zaci Waine zai musa. Na zaci zai shiga mota. Ya ciro hannunsa daga aljihu, ya cire agogo ya ajiye a kan motar, ya tako. Ya sa ƙafa ya ture wanda ke take da Yaya Siune.

"Sake shi."

Ya durƙusa ya shimfiɗa hannunsa. Bai kalli yayansa ba, ni ya kalla, kuma har yanzu ban san me ke cikin wannan kallon ba.

"Ka yi da sauri, Yaya."

Bomai yana hawaye ya sara. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an sare rake. Jinin ya yi tsalle har kan zanena. Waine bai yi ihu ba sai da ya ga yatsunsa uku a ƙasa, sannan ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba. Bomai ya yar da addar ya cire rigarsa ya naɗe hannun, ya ɗauki ƙanensa cak ya sa a mota. Kafin ya ja, ya leƙo ta taga ya nuna ni da yatsa mai jini.

Na kwance Yaya Siune. Haƙoransa biyu sun tafi, bayansa duk ya fashe. A hanya ya riƙa buɗe hannunsa yana rufewa, yana kallon yatsun kamar yau ya fara ganin su. Da muka kusa gida ya ce, "Wata uku, Dorin? Kina kallo na ina wucewa?" Bai sake min magana ba.

Mama kuwa, da aka ba ta labari, ta zauna daɓas da tsumma a goshi. Ba ta tambayi leɓena ba. Ta ce, "Kin ceci ɗana, kin kashe mu. Wa zai sake kallon gidan nan?"

Na zaga bayan ɗakin aladu. Macen tawa tana nan, reshen da na shafa ya yi nauyi. Na murza kaɗan a tafi, ƙwayoyi masu zanen damisa suka faɗo, tsantsar Jan Gashi, irin da babu shi a hannun kowa. Na ƙirga talatin da ɗaya. Na ƙulle su a bakin zanena mai jinin Waine, na zauna ina kallon ƙullin, ban ji daɗin komai ba.

La'asar ta yi, ina zaune a nan ina muku wannan rubutun, sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Daga asibitin Kundiawa. Haruffan duk a hargitse, na karanta sau huɗu kafin in gane.

"Da hagu nake rubutu. Kin yi daidai, ni na kasa. Asabar zan zo da aladun, goma sha biyu, kamar yadda na ce. Bomai ne zai jagoranci kawowa, shi ya nema. Ya ce 'yar Apa ba za ta ɓoye namiji a banza ba, in tambaye ki, wa kika shafa wa garin da kika ɗiba?"

Na karanta wa Mama rabin farko kawai. Ga ta can ta tashi da goshinta a kumbure, ta ɗauki tsintsiya tana share tsakar gida, daidai inda jinin ɗanta ya zuba da safe.